Yadda ake haɗa layin tarho da ƙasa a gida ko ofis a Yamai

Duk wanda ya daɗe yana aikin waya a Yamai ya san abin da ke biyo bayan hadarin farko na watan Yuni. Iska ta taso daga gabas da jar ƙura, ruwa ya sauka da tsawa, washegari kuma a fara kawo modam da tarho da na'urar rarraba layuka ta ofis duk a ƙone, alhali firiji da fankar da ke gida ɗaya da su lafiyarsu ƙalau. Masu kayan sukan ce na'urar ce ba ta da ƙarko, amma dalilin yana wani wurin. Firiji igiya ɗaya ce ke shigarsa, wato ta wuta. Modam kuwa igiya biyu ke shigarsa daga wurare biyu masu nisa da juna, ɗaya daga layin wuta, ɗaya daga layin tarho. Idan tsawa ta faɗi a unguwa, ko da ba a kan gidan ba, ƙarfin wutar da ke kan igiyoyin nan biyu yakan bambanta da dubban volt kafin ƙiftawar ido, kuma wutar za ta nemi inda za ta bi ta daidaita. Hanyar da ta fi kusa da ita ita ce cikin na'urar da ta haɗa igiyoyin.

Aiki biyu ne ke hana wannan, ko da yake mutane sukan ɗauke su abu ɗaya. Na farko shi ne haɗi da ƙasa, wanda masu aikin wuta ke kira ter: a kafa turken ƙarfe a cikin ƙasa domin wutar da ta ɓace hanya ta samu inda za ta zube. Na biyu shi ne haɗin daidaito: a ƙulla duk wani ƙarfe da duk wata wayar ƙasa da ke ginin a wuri guda, ta yadda idan ƙarfin wuta ya tashi, zai tashi a kansu duka tare, babu wanda ya fi wani. A ganina na biyun ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi ceton kayan sadarwa.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san iyakar hakkin kowa. Layin tarho daga titi har zuwa akwatin da ya tsaya a bangon gida na kamfanin sadarwa ne, kamar Niger Telecom da aka kafa a 2016 bayan haɗe SONITEL da SahelCom, don haka ba a buɗe wannan akwatin sai da ma'aikacinsu. Ta ɓangaren wuta kuma, tsarin da muka gada daga Faransa, wanda ake kira TT, yana kawo wa gida fas (wayar da ke ɗauke da wuta) da nutur (wadda wutar ke komawa ta ita) ne kawai a kan volt 220, wayar ƙasa kuwa nauyin maigida ce. Ƙa'idar da masu aikin wuta na ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka fi bi ita ce NF C 15-100, kuma daga cikinta aka ɗauko yawancin ma'aunan da za a ambata a nan. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ita ma tana da nata shawarwari, K.66 a kan kare gidan mai layi daga hauhawar wuta, K.21 kuma a kan irin bugun da na'urar gida ya kamata ta iya jurewa.

Mataki na farko zagaya gini ne da takarda da alƙalami. A rubuta inda wuta ta shigo da inda kontar, wato mitar wuta, yake, inda layin tarho ya shigo, inda igiyar farantin tauraron ɗan Adam ta bi, da inda janareta ko allunan hasken rana suke. A nemi kuma duk wani tsohon turke da aka taɓa kafawa, domin gidajen haya na Yamai da yawa suna da biyu ko uku, kowane ɗan haya da nasa. Abin da ake so shi ne layin tarho ya shigo dab da inda wuta ta shigo. Idan wuta ta shigo ta gabas tarho kuma ta yamma, ya fi kyau a roƙi kamfani ya karkato da layin ta bangon waje har zuwa kusa da allon wuta, maimakon a ja doguwar wayar ƙasa ta ratsa gidan.

Mataki na biyu shi ne turke, wanda a kasuwa ake kira pike, kuma a nan ƙasarmu take ba da wahala. Ana auna ingancin turke da tirjiyarsa, wato yadda ƙasa ke hana wuta wucewa, kuma ma'aunin om ne. Ƙarancinsa ake nema. Lissafin kusan haka yake: a raba tirjiyar ƙasar wurin da tsawon turken da ke binne. Laka mai danshi, irin wadda ake samu kusa da bakin kogi, tirjiyarta ƴan gomomi ce kawai a ma'aunin om-mita, amma busasshen yashi da marmara sukan kai ɗaruruwa har su haura dubu. Idan aka ɗauka ƙasar fili ta kai 500, turke mai mita 2 zai ba da om 250 ke nan, wanda bai isa ba. Ƙa'ida ta ce kada a wuce om 100 a gidan da babban dijontar ɗinsa, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa zuwa ƙasa, ke yankewa a kan miliamfa 500, wato rabin amfa, dalili kuwa shi ne idan aka ninka rabin amfa da om 100 ana samun volt 50, iyakar abin da ake ɗauka jikin mutum zai taɓa a busasshen wuri ba tare da haɗari ba. Wannan iyaka ta kare rai ce. Ginin da ke da sandar kama tsawa a samansa ƙasa da om 10 ake nema masa, kuma ofis mai kayan sadarwa da yawa gara ya matsa kusa da wannan gwargwadon hali.

Saboda haka turke ɗaya ba ya cika wadatarwa a unguwannin tudu, balle a Tawa da ƙasar Adar inda dutse ke tare turke tun bai yi nisa ba. A nemi turke na ƙarfe mai rufin jan ƙarfe ko mai ruwan tutiya, a kafa shi ya nutse aƙalla mita 2, a gefen gini da ya fi samun inuwa da danshi. Idan awo ya nuna bai isa ba, sai a ƙara na biyu da na uku, a bar tazarar da ba ta gaza tsawon turken ba a tsakaninsu, ninki biyu ma ya fi, sa'an nan a haɗa su da tsirarar wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 25 a cikin rami. Turaku biyu da aka kafa kafaɗa da kafaɗa kusan aikin guda suke yi, asarar kuɗi ce kawai. Inda dutse ya hana kafawa, sai a haƙa dogon rami mai zurfin kamar mita 1 a shimfiɗa wayar a kwance, a rufe ta da ƙasa mai laushi wadda aka tace daga tsakuwa, a daddanne sosai. Wanda bai riga ya yi gini ba kuwa ya fi kowa sa'a, domin zai iya shimfiɗa wannan wayar a ƙasan ramin harsashi ta zagaye ginin duka kafin a zuba kankare, kuma babu turken da zai kamo wannan a inganci ko a daɗewa.

Akwai al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin turke, kuma ba zan ce ba ta aiki ba, domin awon ranar farko yakan yi kyau ƙwarai. Sai dai ruwan damina yana wanke gishirin, kafin ya tafi kuma yana cin ƙarfen, ta yadda bayan ƴan shekaru maigida yana zaune da tunanin yana da ter alhali tsatsa ce kawai a binne.  Wanda zai iya samun yumɓun bentonayit, irin wanda masu haƙa rijiyar burtsatse ke amfani da shi, ya fi gishiri nesa ba kusa ba, saboda yana riƙe danshi kuma ba ya narkewa ya tafi. Dabara mai sauƙi kuma ita ce a karkatar da bututun ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki zuwa ramin turken. Amma kada a jefa ƙarfe a rijiya ko a ramin masai a ce an yi ter, kada kuma a dogara da bututun ruwan famfo, tunda yawancinsu yanzu na roba ne, na ƙarfen ma wani mai gyara zai iya yanke shi gobe ya sa roba a tsakiya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kafin a ɗaga diga kuma a tabbatar babu bututu ko kabul a binne a wurin.

Mataki na uku shi ne kawo ƙasar cikin gini. Daga kan turke a ɗaura waya da maƙalar ƙarfe mai kusoshi, a matse sosai, a shafa man giris a kan mahaɗar, a kuma gina mata ƙaramin rami mai murfi domin a riƙa dubawa. Nannaɗa waya a kan turke da hannu ba haɗi ba ne. Wayar za ta kasance jan ƙarfe mai murabba'in milimita 16 idan tana da riga, ko 25 idan tsirara ce. Ta hau bango zuwa ƴar maƙalar da ake kira baret, wadda ake kwancewa da kayan aiki idan za a yi awo, daga nan ta wuce zuwa babbar sandar ƙasa, wato faffaɗan jan ƙarfe mai huji da yawa da ake kafawa a cikin allon wuta ko kusa da shi. Wannan sandar ita ce mahaɗar komai a ginin, kuma duk wayar da za ta zo mata launin kore da rawaya za ta ɗauka, launin da ba a yarda a yi wani aiki da shi ba. A yi hattara wajen sayen waya, ko a kasuwar Katako ko a wani wuri, domin akwai wadda samanta kawai jan ƙarfe ne, cikinta alminiyom ko baƙin ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa a ga ko launin ya kai ciki, a kuma kusanto da maganaɗisu, tunda jan ƙarfe na gaskiya ba ya kamawa. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Mataki na huɗu awo ne, kuma lokacinsa yana da muhimmanci. A yi shi a Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta gama bushewa, domin awon watan Agusta yaudara ce, kuma hadarin farko yakan iske ƙasa a bushe. A kashe babban dijontar, a buɗe baret, a haɗa na'urar awon ƙasa da turken. A kafa ƙaramin turken gwaji a nesa, misali mita 40, a kafa na biyu a kan layi ɗaya a kashi 62 cikin 100 na wannan nisan, wato wajen mita 25, a karanta. Sa'an nan a matsar da na tsakiyar mita 4 gaba, a sake karantawa, a mayar da shi mita 4 baya, a sake. Idan lambobin uku sun yi kusa da juna, awon ya inganta; idan sun yi nisa, sai a ƙara nisan turken ƙarshe. A rufe baret kafin a mayar da wuta, a rubuta sakamakon da kwanan wata a manna a ƙofar allon. Gwajin da wasu ke yi da ƙwan fitila tsakanin fas da turke ba ya ba da lamba, kuma yana ɗora wuta a kan turken da yaro zai iya taɓawa a tsakar gida.

Mataki na biyar ne ya shafi layin tarho kai tsaye. Layin jan ƙarfe yana ɗauke da wajen volt 48 idan ba a magana, yana kuma haurawa zuwa 70 ko 90 lokacin da tarho ke ƙara, saboda haka na'urar kariya ta layin wuta ba ta dace da shi ba. Tasa daban ce, parafudur na tarho, wanda a cikinsa akwai ɗan ƙaramin bututu mai iskar gas. A zaman lafiya ba ya wuce da komai, amma da zarar ƙarfin wuta ya kai iyakarsa, wadda a yawancinsu volt 230 ce, sai iskar ta kama, ya zubar da wutar zuwa ƙasa. A kafa shi a daidai inda layi ya shigo gini, kafin matatar ADSL (intanet ta layin tarho) da kafin kowace na'ura, a kuma tabbatar an rubuta a jikinsa cewa ya dace da ADSL idan da intanet a layin, in ba haka ba zai rage gudu. Igiyar da ta fito daga titi da wadda ta wuce ciki bayan kariya kada a ɗaure su tare, domin bugun yana iya tsallakawa daga wannan zuwa waccan.

Wayar da ta tashi daga parafudur zuwa babbar sanda ita ce inda aiki ke gyaruwa ko ya lalace, kuma tsawonta ya fi kaurinta muhimmanci. Wutar tsawa tana hawa da sauri ƙwarai, kuma a irin wannan saurin kowace mita ɗaya ta waya tana iya tara wajen volt 1,000 a kanta, komai kaurinta. Wayar ƙasa mai mita 10 tana iya barin volt 10,000 tsakanin layin tarho da layin wuta, ga parafudur sabo ful, modam kuma ya ƙone. Shi ya sa ƙa'idar Faransa ta ce wayoyin parafudur na allon wuta gaba ɗayansu kada su wuce santimita 50, ƙa'idar lantarki ta Amurka kuma, a sashenta na 800, ta iyakance wayar ƙasa ta layin sadarwa a ƙafa 20, kimanin mita 6, a gidajen zama na iyali ɗaya ko biyu. A ja ta miƙe, babu lanƙwasa mai kaifi. Abin da na fi gani a gidaje shi ne mai aiki ya ga saura waya ta yi masa yawa, ya ji tausayin yankewa, sai ya nannaɗe ta kamar gammo ya ɗaure a bango. Wannan naɗin yana ƙara tare wutar ne, gara a yanke a yar.

Mataki na shida shi ne ƙulla sauran. An taɓa kira na wani ofis inda na'urar rarraba layuka ta ƙone sau biyu a damina guda, kuma shugaban wurin yana mamaki, domin a cewarsa ya kashe kuɗi an kafa wa kayan sadarwa turke nasu na musamman, mai tsabta, wanda bai gauraya da na wuta ba. Turken yana bayan gini, na wuta yana bakin ƙofa, tsakaninsu wajen taku 30, kuma kowanne ya yi kyau a awo. Abin da ba a lura da shi ba shi ne idan tsawa ta zube a ƙasa, ƙarfin wutar ƙasar ba ɗaya ba ne a wurare biyun nan, kuma abin da kawai ya haɗa turakun biyu shi ne na'urar kanta. Muka ja wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 16 muka haɗa su. Ƙa'idar Amurka ta faɗi wannan ƙarara, cewa idan layin sadarwa yana da turke dabam, dole a haɗa shi da na wuta da waya mai lamba 6 a ma'auninsu, wato kimanin murabba'in milimita 13.

Haka za a yi da duk abin da aka rubuta a zagayen farko. Sandar eriya da gindin faranti, rigar ƙarfe ta igiyar talabijin a inda ta shigo, akwatin ƙarfe da ake jera kayan intanet a ciki, jikin janareta, firam ɗin allunan rana da jikin na'urar juya wutarsu, bututun ruwa na ƙarfe idan akwai, da ginshiƙan ƙarfe na gini, kowanne ya samu wayarsa zuwa babbar sanda, kuma kada ta gaza murabba'in milimita 6. Kada a jera su kamar carbi, wannan ya bi ta wancan, domin ranar da aka cire na tsakiya, na bayansa duk sun rabu da ƙasa ba tare da an sani ba. A kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaura. Inda jan ƙarfe zai haɗu da alminiyom, kamar a firam ɗin allunan rana, a sa maƙala da aka yi domin haka, saboda ƙarafan biyu suna cin juna idan danshi ya shiga tsakaninsu.

Saura wajen na'urar. A buɗe soket ɗin da modam ke ciki a tabbatar wayar kore da rawaya ta iso da gaske, domin soket mai ƙafa uku da yawa ƙafar ta ukun ado ce. Idan ba ta iso ba, a ja sabuwa daga allo. Kada a taɓa haɗa ƙafar ƙasa da nutur a bayan soket don a huta da jan waya, saboda ranar da nutur ya katse a wani wuri, jikin kwamfuta da na firiji za su ɗauki volt 220. A sa dijontar mai miliamfa 30 a kan layin soket, a sa parafudur na wuta a allo, a gaban modam kuma a ƙara ƴar na'urar kariya mai karɓar filogin wuta da igiyar tarho a jiki ɗaya, tunda ita ce ke daidaita igiyoyin biyu a taku na ƙarshe.

Wanda aka ja masa fiba ya huta da rabin wannan aiki, domin zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta. Sai dai a tambayi mai ja ko kabul ɗin yana da sulke ko igiyar ƙarfe a ciki. Idan akwai, ita ma sai ta je babbar sanda a bakin shiga. Akwatin fiba kuma da wuta yake aiki, igiyoyin intanet da ke fita daga cikinsa na jan ƙarfe ne. Idan za a kai intanet daga babban gida zuwa shago ko wani sashe da ke ƙetaren fili, gara a bi da fiba ko ta iska, maimakon a rataya igiyar jan ƙarfe tsakanin rufi biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka dubawar shekara a watan Mayu ake yin ta. A buɗe murfin ramin turke a ga ko maƙalar ta yi kore ko ta saki, a bi wayar da ido har allo, domin jan ƙarfen da ke waje yana da masu so, a sake matse kusoshin babbar sanda, a danna maɓallin gwaji na dijontar. A ɗaga tarho a saurara: gunji ko ƙarar tatsatsa a layi yakan nuna parafudur ya gaji ko danshi ya shiga akwati, kuma wanda ya sha bugu mai ƙarfi canza shi ake yi, ba gyara ba. Duk wannan aiki ba a yin sa idan hadari ya haɗo, ko da ruwa bai fara ba. A wannan lokacin ma a ajiye tarho mai igiya, a cire wayar salula daga caji kafin a kara ta a kunne, kuma idan za a bar ofis kwana biyu a cikin damina, a zare igiyar tarho da filogin wuta duka biyun daga jikin modam.